Insulin a zafin Kebbi: abubuwan da ɗalibin jinya zai kiyaye kafin ya taɓa sirinji

Magungunan homon sun bambanta da sauran magunguna ta fuska ɗaya. Kwaikwayon abin da jiki ke fitarwa da kansa suke yi, a ma'auni ƙanƙane kuma a kan lokaci. Shi ya sa kuskure kaɗan a awo ko a lokaci ke kai majinyaci ga suma. Insulin, maganin masu ciwon sukari, ya fi nuna haka, don haka a kansa za mu fi tsayawa.

Ku fara da duba kwalba da sirinji tare. Kwalbar da aka rubuta U-100 tana da yunit 100 a kowace mililita, ta U-40 kuma yunit 40. Idan aka zuƙi insulin U-100 da sirinjin U-40, majinyaci zai sami ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. Wannan kuskure yakan faru ne idan dangi sun sayo sirinji a wani kemis daban da inda suka sayi kwalbar.

Insulin garai mai kama da ruwa, nau'in da ake kira regular ko soluble, yana fara aiki bayan kamar minti 30, saboda haka a yi allurar rabin awa kafin abinci, kuma sai an ga abincin da ido. Kada a dogara da "an tafi kawowa daga gida". Mai gurɓi kamar madara, wato NPH ko Mixtard, a mirgina shi a tafin hannu har ya haɗu, ba a jijjiga shi ba. In za a haɗa regular da NPH a sirinji ɗaya, a fara zuƙar garai ɗin.

Sai ajiya. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ban da sashen ƙanƙara, don insulin da ya daskare ya mutu. Wadda aka buɗe takan yi kamar kwana 28 in zafi bai wuce digiri 30 ba. To a Birnin Kebbi ko Argungu, Maris da Afrilu zafi na haura 40, ga wuta ba ta zama. Ku koya wa majinyaci ya saka kwalbar a leda, ya ɗaure, ya sa a ƙaramar tukunyar ƙasa, ita kuma a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a ajiye a inuwa. Aljihun gaban riga da akwatin babur ba wurin insulin ba ne.

Faɗuwar sukari tana zuwa da gumi, karkarwa, yunwa da ruɗewa. Awon ƙasa da 3.9 mmol/L ya isa hujja. Idan yana iya haɗiya, a narkar da sukari cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa a ba shi, a sake awo bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, dextrose, wato ruwan sukari na asibiti, ta jijiya yake buƙata. Dattijon da ke shan glibenclamide, ƙwayar rage sukari, kada a yi gaggawar sallamarsa, sukarinsa na iya sake faɗi bayan awanni, musamman mai ciwon ƙoda ko mai azumi. Metformin kuwa, shi ma maganin rage sukari, a sha shi tare da abinci, hakan yana rage tashin zuciya da gudawar da yake jawowa.

Ban da maganin sukari, akwai na thyroid, gaɓar da ke gaban wuya. Levothyroxine, mai cike gurbin homon ɗinta, da safe ake sha, ciki ba komai, a bar awa huɗu tsakaninsa da maganin ƙarin jini ko kalsiyam. Mai shan carbimazole, maganin rage yawan homon ɗin thyroid, da ya zo da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, a dakatar da maganin a gwada jini a ranar.

Ku riƙa tambayar majinyata, mata musamman, ko suna shan dexa, wato dexamethasone, don ƙiba, domin ba kasafai suke faɗa da kansu ba. Yana tayar da sukari, kuma wadda ta sha shi fiye da sati uku ba za ta daina dare ɗaya ba. Likita ne zai rage mata a hankali, har jiki ya dawo da fitar da nasa homon ɗin.