Daga lugude zuwa agogo: yaya abubuwa ke daidaita bugunsu?

Wata ɗalibata a nan Jos ta ga mata uku suna lugude a Gangare, taɓare na sauka bi da bi ba karo, ta zo mini da tambayoyi.

Malam, mata suna jin juna. Abin da ba shi da kunne fa?

Shi ma yana yi. A 1665 Huygens, masanin ƙasar Holan, ya lura da agogo biyu masu lilo da ya rataya a katako ɗaya. Ko ya hargitsa su, cikin kamar rabin awa sai su koma tafiya tare, wannan ya yi dama, wancan hagu. Katakon ne ɗan aike: kowane agogo na ɗan girgiza shi, girgizar ta isa ga ɗayan.

Na ji an ce sai da shiga da fitar makamashi ake samun wannan daidaituwar. Ina ruwansu da ita?

A nan gizo ke saƙar. Agogo na samun ƙarfi daga nauyin da ke jansa, yana asararsa ta gogayya. Wannan samu da rashi ne ke tsayar masa da faɗin lilo: ka tura shi, rarar ƙarfin ta zube, ya dawo yadda yake. Amma ko bugun ya riga ko ya makara, babu abin da ya ɗaure shi, shi ya sa ɗan taɓi daga maƙwabci ya isa ya ja shi. Mutane na ɗaukar gogayya ɓarna ce zalla, ni kuwa ina ganin ita ce uwar tafiyar. Lilon da ba ya asara ba ya manta turin da aka yi masa.

Kowane biyu za su daidaita?

A'a. Sai saurinsu ya kusanci juna, mahaɗin da ke tsakaninsu (kamar katakon nan) kuma ya kai wani ƙarfi. Kuramoto, wani masani ɗan Japan, ya nuna haka da lissafi a 1975.

Ina ake ganinsa?

A wutar gidanku. Injinan Kainji, Jebba da Shiroro dole su tafi a bugu ɗaya, wutar da suke bayarwa tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. In buƙata ta fi ƙarfinsu har suka saɓa, sai duhu. Wani lokacin kuma daidaituwar ce matsala: a 2000 wata sabuwar gadar ƙafa a Landan ta kama rangaji, masu tafiya suka daidaita takunsu da ita ba su sani ba, rangajin ya ƙaru. Bayan kwana biyu aka rufe ta, sai 2002 aka sake buɗewa.