Wai mece ce wannan "reziliyans" da ake ta cika ma ɗalibai kunne da ita?

In kana karatu a jami'ar Marwa ko ta Garwa ko ta Dang can Ngaundere a arewacin Kamaru, nasan ka ji kalmar nan har ka gaji. Sakamako na fitowa a babiyar, wato allon sanarwa, sai wani ya dafa maka kafaɗa ya ce ai sai da reziliyans, ƙungiyoyin agaji su ma tun da rikicin Boko Haram ya taɓa yankin Arewa Mai Nisa kusan duk furoje, wato aikin tallafi, da suka kawo sai ka ga kalmar a jikin allonsa, daga Mokolo har Kuseri. Toh amma ka tare mutum ka ce ya fassara maka, yawanci cewa zai yi haƙuri ne kawai. Ni dai ban yarda ba.

Kalmar asalinta ta masu ilimin ƙarafa ce, suna auna yadda ƙarfe ke shanye duka ba tare da ya karye ba. Daga baya masu nazarin halayyar ɗan Adam suka are ta. A ƙasashen da ke Faransanci wanda ya fi yaɗa ta shi ne Boris Cyrulnik, likitan ƙwaƙwalwa da aka haifa a Bordo a 1937, Bayahude ne da ya rasa iyayensa yana ƙaramin yaro lokacin yaƙin duniya na biyu, shi kansa da kyar ya tsira. Abin da suke nufi da ita shi ne mutum ya sha bugu, ya ji zafin bugun sosai, sannan ya sake gina rayuwarsa ya ci gaba. Wato akwai faɗuwa a ciki kuma akwai tashi. Haƙuri babban abu ne, addini ma ya yabe shi, amma yadda muke amfani da shi a tsakaninmu sau da yawa yana nufin ka yi shiru ka haɗiye. Ɗalibin da ya samu 06/20, wato maki shida cikin ashirin, ya ce Allah ne ya ƙaddara, ya naɗe maganar, ya shiga ratirafaj, wato jarrabawar gyara ta waɗanda suka faɗi, da irin karatun da ya kada shi tun farko, wannan ya yi haƙuri amma bai yi reziliyans ba. Tawakkali ma ai sai an ɗaure raƙumi tukun.

Akwai wani bincike da nake so mutane su sani saboda yana rushe tunanin cewa wasu ne kawai aka haifa da taurin zuciya. Wata mata Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai a Amurka, ta bi su har suka kai shekara 40. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rigimar gida, kusan ɗaya bisa uku sun girma lafiya lau. Da aka duba me ya bambanta su, abin da ya yi ta fitowa shi ne kowannensu na da aƙalla babba guda ɗaya da ya tsaya masa, kaka ce ko goggo ko wani malami. Ka ga kenan ba aikin mutum shi kaɗai a ɗaki ba ne. Wannan ya kamata iyaye su ji, musamman masu kiran yaro a waya ranar sakamako su fara da lissafin jaka hamsin ɗin da suka biya da kuɗin mini-site, wato ɗakin hayar ɗalibai, da buhun masara.

Tsarin LMD, wato lisans (digirin farko), mastas da dokta, da jami'o'inmu ke bi shi kansa an gina shi ne da sanin cewa ɗalibi zai faɗi wani wuri. Kiredi, wato ma'aunin nauyin darussa, 30 a semesta, 180 kafin lisans ta fito, ana haɗa makin CC, wato gwaje-gwajen cikin semesta, da na babbar jarrabawa, in UE, wato rukunin darasi, bata wuce ba ga ratirafaj. Ƙofa ce aka bari a buɗe, amma mu mun mayar da ita abin kunya, yaro zai ɓoye ma abokan ɗakinsa cewa yana da darussa biyu a ratirafaj alhali su ma uku-uku gare su.

Akwai kuma wani abu da ke taimakawa wajen tashi bayan faɗuwa, wato natsuwa, wadda Faransawa ke ce ma pleine conscience. Wani Ba'amurke Jon Kabat-Zinn ne ya tsara ta a matsayin horo na sati takwas a 1979 a asibitin jami'ar Masacusets, da farko don marasa lafiya masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya ɗauko dabarar ne daga zaman tunani na mabiya Buda ya cire mata ibada, gara a faɗi wannan a fili don kar wani ya ji daga baya ya ce an ɓoye masa. Abin da ya rage bayan an cire ba wani tsafi ba ne: ka zauna, ka sa hankalinka kan numfashinka, in tunani ya ja ka, kuma zai ja ka, ka lura ya ja ka sai ka dawo ba tare da ka zagi kanka ba. Shi kenan. Duk mai salla ya san wannan kokawar, ka kabbara zuciya ta tafi kasuwa ka jawo ta, duk da dai halarto da zuciya a salla ibada ce wannan kuwa motsa hankali ne kawai.

Amfaninta ga wanda ya faɗi jarrabawa a wajena guda ne babba. Bayan ka ga makin, kai na fara saƙe-saƙe: na faɗi UE ɗaya, shekara ta tafi, baba zai ce kaza, 'yan unguwa za su ji, dama ni ba na karatu ba ne. Cikin minti biyar daga 06/20 ka kai ga rayuwarka ta ƙare. Natsuwa na koya maka ka raba abin da ya faru da labarin da kanka ke ƙarawa a kai. Abin da ya faru maki ne a takarda. In ka ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali bugun zuciya na sauka, kuma sai ya sauka ne za ka iya yin abin da yawancinmu ke gudu, wato ka tambayi kanka a ina daidai aka samu matsala. Ban gane kwas ɗin ba ne, ko na gane lokaci ne ya ƙure min, ko CC ne na yi wasa da shi, ko haddar folikofi, wato takardun darasin da ake rabawa, na yi malam kuma ya juya tambayar? Kowanne maganinsa daban. Mai hadda ya rufe littafi ya dinga gwada kansa da tsoffin suje, wato tambayoyin jarrabawar baya, don tuno abu da ka ya fi maimaita karanta shi zaunar da shi a ƙwaƙwalwa. Wanda lokaci ke ƙure ma ya dinga yin suje da agogo a gabansa.

Inda nake da ƙorafi da kalmar kuwa, ta zama abin rufe baki. Amfi, wato babban ɗakin lacca, ya cika mutum na tsaye a taga, wuta ta ɗauke ana gobe jarrabawa, zafin watan Afrilu a Garwa ya wuce digiri 40, yarinya ta zo daga ƙauye Faransancinta bai zauna ba ana mata kwas da gudu, sai a ce su yi reziliyans. Haba. Numfashi ba ya gyara wannan, masu alhakin gyarawa su gyara. Haka kuma wanda ya yi makonni ba barci ba cin abinci, ya daina fita, ko ya fara tunanin cutar da kansa, ƙanena wannan ya wuce zaman natsuwa, a raka shi santir mediko-sosiyal, wato cibiyar kula da lafiya ta jami'a, ko asibiti ya ga likita.

Kuma wani lokacin makin ne ma ba daidai ba, an tsallake CC ɗinka ko an haɗa matirikil ɗinka, wato lambar rajistarka, da na wani. In kana zargin haka ka rubuta reket, wato takardar ƙorafi, da wuri, kwanakin da ake bayarwa kaɗan ne, ka tambayi delege, wato wakilin ajinku, ranar rufewa ka ajiye kwafi ɗaya a hannunka.