Ma'anar "blakawut" a bakin masu sayar da labule

Wanda ya shiga layin masu labule a kasuwar Kantin Kwari da ke Kano da wuya ya fito ba a tambaye shi ba: "Alhaji, blakawut za a yanka maka ko mai shara-shara?" Mutane da yawa sun ɗauka cewa kalmar tana nufin baƙin labule, ko kuwa duk wani labule mai nauyi da tsada, alhali ba launi take nufi ba, ba kuma nauyi ba. Blakawut shi ne yadin da aka saƙa ko aka shafe bayansa ta yadda haske ba zai ratsa shi ba, kuma ana samunsa fari ƙal ko ruwan ƙasa kamar yadda ake samunsa baƙi.

Asalin kalmar Turanci ce, kuma ta yi ƙarfi ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A ranar 1 ga Satumba, 1939, gwamnatin Birtaniya ta wajabta wa jama'a toshe tagoginsu da dare domin kada hasken fitila ya nuna wa jiragen yaƙin Jamus inda gari yake. Ke nan a wancan lokaci ana rataya labule ne don a tsare haske a cikin ɗaki, yau kuma mu muna rataya shi don mu tsare hasken rana a waje.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa, kuma ya kamata mai saye ya san bambancinsu. Na farko saƙa ce mai hawa uku, wadda ake ɓoye baƙin zare a tsakiyarta. Tana da laushi, tana zubowa da kyau, tana kuma jure wanki, sai dai idan launinta mai haske ne takan bar ɗan haske ya wuce. Na biyu yadi ne da aka shafa wa wani abu mai kama da roba a bayansa, shafi biyu ko uku, kuma shi ne yake kawo cikakken duhu. Aibinsa shi ne ba ya son murza da matsa a wajen wanki, ba ya son dutsen guga mai zafi, kuma idan mai araha ne ƙwarai rana takan sa shafin ya tsattsage ya riƙa ɓarewa. Gwajin kuwa ba shi da wuya: mutum ya kunna fitilar wayarsa, ya manna ta a bayan yadin tun kafin almakashi ya taɓa shi. Idan ɗigon haske ya fito a fuskar yadin, to mai rage haske ne kawai, kuma bai dace a biya masa kuɗin blakawut ba.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne cewa rabin aikin yana wajen ratayawa. Na taɓa shiga ɗakin wata amarya da aka kashe wa kuɗi mai yawa a kan yadi, amma an kafa ƙarfen labulen daidai bakin taga, sai ga rana ta la'asar tana kwararowa ta gefe biyu da ta sama, ta zana dogon layi a kan gado. Yadin bai yi laifi ba, awo ne ya gaza. Ƙarfen yana bukatar ya zarce taga da kimanin santimita 20 a kowane gefe, a kuma ɗaga shi sama da bakinta da santimita 15 ko fiye, labulen kuma ya sauko har ya kusa taɓa daɓe. Idan faɗin taga santimita 120 ne, ƙarfen zai zama 160, yadin kuma ya zama ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na tsawon ƙarfen, wato tsakanin santimita 240 da 320, domin tattarar da tela zai yi ita ce take cike gefuna. Da yake yadi ɗaya ya ɗan haura santimita 91, kuma bandiran labule da yawa suna zuwa da faɗin santimita 280 wanda yake zama tsayin labulen, yadi uku zuwa uku da rabi ya wadatar da irin wannan taga. Saboda nauyinsa, ƙusa ba ta riƙe shi a bangon siminti; sai an huda bango an cusa 'yar robar nan mai riƙe sukuru sannan a ɗaure ƙafar ƙarfen.

Mai ƙaramin ƙarfi ba sai ya sauya labulen gidansa duka ba. Ana sayar da shafin blakawut shi kaɗai, kuma tela zai iya ɗinka shi a bayan tsohon labule. Ya fi kyau fuskar da ke kallon waje ta zama fara, domin fari yana mayar da zafin rana, baƙi kuwa shanye shi yake yi ya zuba a ɗaki. A ganina tagar da ke fuskantar yamma, da ɗakin jariri, da ɗakin mai aikin dare su ne suka cancanci wannan kuɗi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu.

Sai dai yadin da ya hana haske yana hana iska, kuma a daren da babu wutar lantarki wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Iyayenmu sun warware ta da asabari, wanda yake tare idon mai wucewa da kaifin rana amma ya bar iska ta ratsa, a naɗe shi sama idan yamma ta yi. Shi ya sa masu ɗinki suke ba da shawarar ƙarfe mai layi biyu: mai shara-shara a layin da ke kusa da taga, blakawut a gabansa, a ja shi da azahar, a zuge shi bayan magariba.