Mece ce "anga" a Word, me ya sa hoto ke gudu daga inda ka ajiye shi?

Jama'a wannan matsalar kusan kullum sai mun gamu da ita a shagonmu na buga takardu nan Accra New Town. Jiya ma wata Hajiya daga Nima ta kawo ɗan littafin walimar makarantarsu a filashi, ta ce Malam wallahi a gida hoton ɗaliban yana shafi na 2, muna buɗewa sai ga shi ya gangaro shafi na 3 ya raba jerin sunayen yara gida biyu, har idonta ya kawo ruwa don saura kwana biyu walima.

To abin da ya jawo haka shi ne anga. Danna hoton a Word ka duba gefen hagu, in hoton mai shawagi ne, wato wanda ba a cikin layin rubutu yake zaune kamar harafi ba, za ka ga 'yar alama irin ƙarfen da jiragen ruwa ke jefawa a Tema don su tsaya wuri guda, ita ke nan. Ma'anarta hoton ba a jikin shafi yake ɗaure ba, a jikin sakin layi yake, kamar akuya ce da igiyarta, inda mai igiya ya nufa nan za ta bi. Ka ƙara layi biyar a sama, ko kwamfutarmu ba ta da salon harafin da ka zaɓa, ko takardarka tana girman Amurka mu kuma A4 muke bugawa, rubutu ya matsa, hoto ya bi shi. Ko ka zaɓi hoto ya kafe a wuri ɗaya, muddin sakin layin ya tsallaka wani shafi to sun tafi tare. Ka goge sakin layin gaba ɗaya kuwa, har hoton zai ɓace.

Ba lalacewa Word ya yi ba fa, tun fitowarsa a 1983 don rubutu mai gudana aka yi shi, wasiƙa, rahoto, aikin makaranta.

Manhajojin tsara shafi su dabam ne. PageMaker na kamfanin Aldus ya fito 1985, QuarkXPress 1987, InDesign na Adobe 1999. A can shafin ne filinka, komai a cikin akwati yake, hoto da nasa rubutu da nasa, ka ce akwatin nan ya zauna milimita 20 daga hagu 35 daga sama, shi ke nan ya zauna, rubutu in ya yi yawa sai dai ya maƙale a akwatinsa ya nuna maka jar alama. Shi ya sa katin aure, fosta da littafin addu'ar arba'in ba ma yarda mu tsara su a Word, CorelDRAW ko InDesign muke ɗauka. Mara kuɗin lasisi ya sauke Scribus, kyauta ne.

Ita Hajiya mun ja angar mun mayar kan take na shafi na 2, muka kulle ta, muka juya aikin zuwa PDF ta duba a wayarta shafi-shafi kafin injin ya fara ja.