Waiwaye: Yadda Ayar Alƙur'ani Ta Tsaya a Ƙofar Babbar Cocin Palermo

A Palermo, babban birnin tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya, akwai wata hanya da mai tafiya a ƙasa zai gama cikin kamar minti ashirin. Tana tashi daga dandalin Bellini, inda tsofaffin coci biyu ke maƙwabtaka, ta ratsa mararrabar Quattro Canti, ta haura titin Cassaro zuwa babbar majami'ar gari, ta ƙare a fadar sarakuna. A 2015 hukumar UNESCO ta sa gine-gine tara na Palermo da garuruwan Monreale da Cefalù cikin kayan tarihin duniya, ta kira su gadon Larabawa da Normanawa. Tun daga nan masu zagayawa da baƙi suke gabatar da hanyar a matsayin shaidar zaman lafiya tsakanin Musulmi da Kirista. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ita ke nan ba.

Sunan titin ma labari ne. Cassaro daga kalmar Larabci al-Ƙasr ya fito, wato fada. A 827 rundunar Aglabawa, masu mulkin Ƙairawan a Tunisiya ta yau, ta sauka a Mazara. Jagoranta ba soja ba ne, alƙali ne mai suna Asad bin Furat, almajirin Imam Malik. A kan aikin Asad ne malami Sahnun ya gina Mudawwana, littafin fiƙihun Malikiyya. Ke nan duk ɗan makarantar zaure da ya taɓa jin sunan Mudawwana ya ɗan taɓa tarihin Sisili bai sani ba. Asad ya rasu a 828 yana kewaye da Siracusa, Palermo kuma ta faɗa hannun Musulmi a 831. Suka kira ta Balarm, suka mai da ita hedikwata, suka mai da babbar cocin Rumawa masallacin Juma'a. Ɗan yawon duniya Ibn Hauƙal da ya je wajen 973 ya ce ya tarar da masallatai sama da ɗari uku. Bai yaba ba, zarginsu ya yi da alfahari, wai kowane mai hali so yake ya yi nasa masallacin.

Daga cikin waɗannan masallatai babu ko ɗaya da ke tsaye cikakke a yau. Wannan ne abu na farko da ya kamata mai bin hanyar ya riƙe: ginin da zai gani mai kama da masallaci, Kirista ne suka sa aka yi shi bayan mulkin Musulmi ya ƙare.

Normanawa mayaƙan haya ne daga arewacin Faransa. Robert Guiscard da ƙanensa Roger sun ci Palermo a 1072, kafin 1091 ta ƙare tsibirin duka ya zama nasu. Su tsiraru ne, talakawansu kuwa Musulmi ne masu Larabci da Kirista masu Girkanci. Maimakon su rushe abin da suka tarar sai suka hau kansa. Roger na Biyu, ɗan wancan Roger, wanda aka naɗa sarki ranar Kirsimeti ta 1130, ya riƙe diwani mai aiki da Larabci, ya buga kuɗi da rubutun Larabci.

Cocin farko a dandalin Bellini, wadda ake kira Martorana, wazirinsa ne ya gina ta a 1143. Sunansa George na Antakiya, Kirista ne mai jin Larabci da Girkanci, kuma ya yi wa sarkin Musulmi na Mahdiyya aiki kafin ya tsallako teku. Muƙaminsa shi ne amirul umara'i, kuma daga wannan amir ɗin ne Turawa suka samo kalmar da suke kiran shugaban rundunar ruwa. A ciki, bango da rufi an lulluɓe su da zane na ƙananan gutsattsarin gilashi da ruwan zinariya irin na Rumawa. Wani zanen yana nuna Almasihu yana ɗora wa Roger kambi da hannunsa, ba Fafaroma ba, kuma siyasar da ke ciki ba ta ɓuya ga kowa. A gindin ƙubbar akwai rubutun Larabci a kan katako. Baƙo zai ɗauka aya ce, alhali waƙar yabo ce ta cocin Rumawa da aka rubuta da Larabci, don a lokacin Larabci harshen Kirista ne kamar yadda yake harshen Musulmi.

Shekara arba'in da ɗaya bayan haka, Ibn Jubair na Andalus yana dawowa daga Hajji jirginsa ya fashe a gaɓar Messina. Ya iso Palermo, ya shiga wannan coci ranar Kirsimeti ta 1184. Kyanta ya girgiza shi har ya nemi tsarin Allah daga fitinarta. Ya ga matan Kirista sun yi lulluɓi da lalle kamar Musulmi, suna Larabci. Wannan sashe na labarinsa shi aka fi so a maimaita wa baƙi. Amma a shafukan nan dai ya rubuta cewa an hana Musulmi huɗubar Juma'a, kuma bayin fada da aka ce sun shiga Kiristanci suna salla a ɓoye. A ganina wanda ya karanta rabin Ibn Jubair ya bar rabi bai yi wa mutumin adalci ba.

Kusa da Martorana akwai San Cataldo, ƙaramar coci mai jajayen ƙubbobi uku, wadda Maio na Bari, wazirin sarki William na Ɗaya magajin Roger na Biyu, ya gina wajen 1160. Ta taɓa zama gidan waya. Jan launin da ya zama tambarin Palermo a hotuna kuwa ba na asali ba ne, aikin Giuseppe Patricolo ne, wanda ya gyara ginin a shekarun 1880. Haka ma ƙubbobi biyar na San Giovanni degli Eremiti da ke can bayan fada. Abin da baƙi suke nunawa da yatsa suna cewa ga Larabawa nan, rabinsa ɗanɗanon ƙarni na 19 ne.

Babbar majami'ar ita ta fi kowa canza riga. Coci ce, ta zama masallaci, Normanawa suka mai da ita coci a 1072, sannan babban limamin Kirista Walter ya rushe ya sake ginawa a 1185. Rumfar ƙofar kudu ta ƙarni na 15 ce, ƙubbar kuma ta ƙarshen ƙarni na 18. A rumfar nan, jikin ginshiƙi na farko daga hagu, an sassaƙa wani allo mai ɗauke da aya ta 54 ta Suratul A'araf, wadda ke maganar halittar sammai da ƙasa cikin kwana shida. Ginshiƙin ya girmi rumfar da ɗaruruwan shekaru, daga wani ginin Musulmi aka ɗauko shi. Magina sun ga dutse mai kyau sun sa shi aiki, kuma babu wanda ya goge rubutun.

A ciki akwai kabarin Roger na Biyu da na jikansa Frederick na Biyu, wanda ya mutu a 1250. Frederick yana jin Larabci, yana musayar wasiƙu da malaman Musulmi. Shi ne kuma ya kawo ƙarshen Musulunci a Sisili. Tun a 1161 an yi wa Musulmin Palermo kisan gilla a wata tarzoma, bayan mutuwar sarki William na Biyu a 1189 da yawa suka gudu duwatsu suka yi tawaye. Frederick ya murƙushe su, daga shekarun 1220 zuwa 1246 ya kwashe waɗanda suka rage zuwa Lucera a babban yankin Italiya. A 1300 Charles na Biyu, sarkin Napoli, ya wargaza Lucera, aka sayar da mutanenta bayi. Yahudawan tsibirin, da suka ci gaba da Larabci bayan tafiyar Musulmi, su ma umarnin Sifen na 1492 ya kore su.

Ƙarshen hanyar shi ne ɗakin ibadar fada, Cappella Palatina, da aka keɓe a 1140. Rufinsa na katako an sassaƙa shi kamar saƙar zuma, irin aikin da ake kira muƙarnas, da zanen mawaƙa da masu shaye-shaye da zakuna. A wannan fada ne Idrisi ya kammala wa Roger littafinsa na taswirar duniya a 1154, kudu tana sama, arewa tana ƙasa. A ciki ya ambaci Gana ta da, da Kaukau wato Gao, da Kanem, da Kawar da ke arewacin Nijar ta yau.

Daga fada in aka gangaro sai kasuwar Ballarò, inda yanzu 'yan Gana da Najeriya da Bangaladesh suke kasa kaya kusa da masu kifi 'yan gari. Wasunsu ta Agadez da Libiya suka biyo, suka tsallake tekun a kwale-kwale. Musulmin cikinsu in Juma'a ta yi wasu sukan nufi wani ɗan dandali da ba shi da nisa da babbar majami'ar. A can akwai tsohuwar cocin San Paolino dei Giardinieri, wadda aka daina ibada a cikinta, aka buɗe ta a 1990 a matsayin masallaci ƙarƙashin kulawar Tunisiya, ƙasar da Asad bin Furat ya taso daga cikinta.