"Yanzu zan fito": maganar da ke cin yatsun ma'aikatan ɗakin sanyi

Kwanan nan da wuya mako ya wuce ban duba hannun wani ma'aikacin ɗakin sanyi ba. Wani ya zo da kan yatsunsa sun yi fari fat, sun ƙame, in na danna ba ya ji: ƙunar sanyi ke nan, wato sanyi ya daskarar da naman yatsan. Wani sai ya yi kwana biyu yana shafa man zafi a gida, sannan ya zo da bororo reras a yatsu uku. In na tambayi yadda aka yi, kamar sun haɗa baki: "Wallahi Likita ban daɗe ba. Katan biyar kawai na shiga ɗaukowa, na ce yanzu zan fito."

Wannan "yanzu zan fito" ɗin ta ishe ni, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Na san yadda abin ke faruwa, don kun sha ba ni labari. Mota ta iso, kun yi ta sauke kaya a bakin ƙofa, zufa ta jiƙa singileti sharkaf. Sai a ce wani ya shiga ciki ya ɗauko abu kaza. Rigar sanyi na rataye can nesa, safar hannu ta jiƙe tun safe, sai ka ce ai ba zama za ka yi ba. Ka shiga yadda kake. Katan ɗin da kake nema ba ya inda ka zata, an jibga wasu a kansa, ka kwashe, ka mayar, wani ya ƙwala maka kira a ƙaro biyu. Minti biyun nan ya zama ashirin, kai ba ka sani ba, domin yatsan da ya fara mutuwa daina ciwo yake yi.

Ɗakin da ake ajiye daskararren kaya digiri 18 ne ƙasa da sifili, sau da yawa ma ya fi haka, ɗakin da ake daskarar da kaya da gaggawa kuwa yakan kai 30 zuwa 40 ƙasa da sifili. An gina shi ne musamman don ya mayar da nama dutse. To kai me aka yi ka da shi? Ga fankoki na hura iska ba dare ba rana, iska kuwa ƙara wa sanyi kaifi take. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, ita kuma auduga in ta sha zufa riƙe ta take yi, ba ta saki. Saboda haka mai jiƙaƙƙen singiletin auduga, ko ya ɗora jibgegiyar riga a kai, yana ɗauke da sanyinsa manne da fata. Na faɗa, zan kuma faɗa: kada ka shiga da jiƙaƙƙen kaya. Ko na minti ɗaya ne, kada ka shiga.

Ba wai ban san wahalarku ba ce, 'yan'uwa. Na san akwai mai tsaye a kanku yana duba agogo, na san safa mai kauri tana hana hannu sakewa, ba ka iya danna waya ko riƙe biro da ita. Amma dubi abin da kuke yi: ka cire safa da haƙori, ka danna abin da za ka danna, sannan ka kama ƙarfen kanta ko hannun amalanke da tsirarar hannu. Ƙarfen da ya kwana a irin wannan sanyi cikin daƙiƙoƙi yake cin fata, in da danshi a hannun har mannewa yake. Maganin wannan ba shi da wuya: siririyar safa a ciki, mai kauri a waje, in dole ta kama a cire ta wajen kawai. Safa in ta jiƙe ta tashi daga aiki, a canja. Wanda ya zo aiki da safa ƙwaya ɗaya bai shirya ba.

Ku kuma manya a aikin, da ku nake. Sabon yaro ya zo ya sa hula ya rufe kunne, ya ja zif har wuya, sai ku hau yi masa dariya wai rago ne, ku da kuka shekara goma ba abin da ya same ku. Kashegari ya ajiye hular don kada a raina shi. Kun taɓa biyo shi asibiti? Ni nake ganin kunnen. In kuma na yi faɗa sai a ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma wanda ya bar rigarsa a rataye ya shiga da gumi, ba tsautsayi ne ya same shi ba, ganganci ne. Direban motar ɗaga kaya ma kada ya ɗauka ya tsira don yana zaune. Shi ne ma ya fi kowa shan sanyi, ba ya motsi, ga iska na dukansa.

Masu wurin, kayan kariya nauyinku ne, ba alfarma ba ce. Riga ɗaya da mutum huɗu ke karɓa-karɓa, wannan ya cire da zufarsa wancan ya sa, ba kariya ba ce. In za ku saya ku duba lambar da ke jiki: EN 342 ta tufafin da aka gwada don sanyin da ya wuce digiri 5 ƙasa da sifili ce, EN 511 kuma ta safar hannu. Ku rataye su a bakin ƙofar ɗakin, ba a ofis ba, ku tanadi wurin shanya su da ɗaki mai ɗumi na hutu. Ƙofa ta riƙa buɗuwa daga ciki, kuma kada a bar mutum ɗaya shi kaɗai ba wanda ya san ya shiga.

Kafin ka tura ƙofar:

- Goge zufa, canja rigar ciki in ta jiƙe. Ta ulu ko ta roba mai fitar da gumi, ban da auduga.
- Kaya hawa uku: na jikin fata, mai riƙe ɗumi, sai na waje mai tare iska.
- Hula har kunne, safar hannu busasshiya, wata a ajiye.
- Takalmi mai kauri wanda ƙasansa ba ya santsi. Kada ka cusa safa uku har ya matse, matsi tare jini yake.
- Ka ci abinci, ka sha abu mai ɗumi. Sigari tana tsuke jijiyoyin jini, giya kuma yaudara ce, za ka ji ɗumi alhali jikin zubar da shi yake.
- Mai ciwon suga ko ciwon zuciya ya zo mu yi magana tukun.

In kuma abin ya riga ya faru, don girman Allah kada a murza yatsan, kada a kara shi a wuta ko jikin injin mai zafi. Fatar ba ta ji, ƙonewa za ta yi a kan ƙunar sanyin. A cire zobe, a tsoma hannun a ruwa mai ɗumi kamar ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39, na kimanin rabin sa'a, wani mai lafiyayyen hannu ya gwada ruwan. Zai yi zogi sosai lokacin da jini ke dawowa, a daure. Kada a fasa bororo. Wanda aka ɗumama wa hannu ya gama aikin ɗakin sanyi na ranar, domin sake daskarewa bayan narkewa shi ke kai yatsa ga yanka.

Sannan ku riƙa kallon juna. Ɗumin jikin mutum kusan digiri 37 ne, in ya faɗi ƙasa da 35 an shiga hatsari. Abokin aikinka ya fara makyarkyata, harshensa ya yi nauyi, kaya na suɓuce masa, ko yana amsa maka abin da ba ka tambaya ba, fitar da shi nan take ko yana gardama. In makyarkyatar ta tsaya alhali yana nan a ruɗe, ba sauƙi ya samu ba, abin ƙaruwa ya yi. A cire masa jiƙaƙƙen kayan, a lulluɓe shi har kai, a ɗauke shi a hankali a kawo mana a ranar, ba bayan kwana biyu da man zafi ba.