Funfunar saiwa ba cuta ba ce

Mutane da yawa sun ɗauka duk funfunar da ta kama saiwar bishiya cinye ta take yi. Wasu kam cuta ne, amma ba duka ba.

A fadamun Finlan da Kanada, inda matattun tsiro suka taru shekaru dubbai ba su gama ruɓewa ba, ƙasar tsami gare ta, abincin shuka kuma ya yi ƙaranci. Nan siraran zaren funfuna ke naɗe saiwar bishiyar fayin, mai ganye kamar allura, su kutsa inda saiwa ba ta kaiwa, su jawo mata sinadaran abincin shuka, wato naitirojin da fosfaros. Ita kuma ta biya su da sukarin da ganyenta ya haɗa.

Tun 1885 masanin tsiro Albert Frank na Jamus ya bayyana wannan cuɗanya, abin takaici har yau ana zargin funfunar.